Gargaɗin Da Ya Ƙi Barin Allon Kwamfuta

Kuka ya yi yawa a makarantu da ofisoshin ƙasar Zuru, tun daga cikin gari har Mahuta da Ribah da Dirin Daji, a kan wani abu da ya ke tare wa ma'aikata hanya. Malami ko akawu ya kunna kwamfuta zai shiga shafin rajistar jarrabawa, ko shafin biyan kuɗin makaranta, sai allo ya cika da gargaɗi, ana ce masa haɗin nan ba na sirri ba ne, watakila akwai masu neman sace abin da zai rubuta. Ya rufe ya sake buɗewa, ga shi nan. Gobe ma haka, jibi ma haka. Tambayar da kowa ya ke yi ita ce, yaya za a kashe wannan abu a huta? Mu kuwa muna ganin tambayar ta karkace tun daga tushe. Gargaɗin yana da dalili, dalilin kuma yawanci ƙarami ne, mai gyaruwa da kuɗi kaɗan. In an gyara shi gargaɗin zai tafi da kansa. In kuwa aka toshe masa baki aka bar dalilin, to an kori mai gadi ne domin ya cika tashin mutane daga barci.

Kada wani ya ce wannan maganar masu boko ce, ba ruwan talaka. Tun 1950 da wani abu iyayenmu su ke kai 'ya'yansu makaranta da takarda da alƙalami, amma zamanin nan ya juya. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, daga 2021 kuma yaro ba ya yin rajista sai da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa. Sakamakon WAEC da na NECO ta intanet a ke dubawa. A 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, ita ma, kamar sauran jami'o'i, neman shiga da biyan kuɗi ta wannan hanya su ke bi. Saboda haka manomin da ya sayar da dawa a kasuwa domin ya biya wa ɗansa kuɗin rajista, kuɗinsa da sunan ɗansa da lambarsa da kalmarsa ta sirri duk ta wannan allo za su wuce, ko ya san karatu ko bai sani ba. Shi ne ya fi kowa asara in abin ya ɓaci.

Bari mu bayyana abin da a ke nufi da takardar shaidar nan, gama yawancin masu fushi da gargaɗin ba a taɓa gaya musu ba. A dā in Sarki ya aiki jakada wurin hakimi, ya kan ba shi takarda mai hatimi. Hakimi ba ya gaskata jakada domin kyawun rawaninsa, hatimin ya ke dubawa. To haka abin ya ke a intanet. Kowane shafi na kirki yana da takardar shaida wadda wata hukuma amintacciya ta sa wa hannu. A cikinta akwai sunan shafin, da ranar da ta fara aiki, da ranar da za ta mutu, da sunan wanda ya ba da ita. Burauza, watau Chrome ko Firefox ko Edge ko wata irinsu, ita ce dogarin ƙofa. Tana riƙe da jerin hukumomin da aka yarda da hatiminsu. Duk sa'ad da ka kira shafi, kafin ƙiftawar ido ta duba takardarsa: sunan ya dace da wanda ka kira? Kwanan wata bai wuce ba? Mai hatimin yana cikin jeri? In duka sun yi daidai sai ta kulle hanya tsakaninka da shafin, yadda ko wani ya tsaya a tsakani ba zai iya karanta abin da ka aika ba. In ɗaya ya saɓa sai ta tsaya ta yi tsawa. Wannan tsawa ita ce gargaɗin.

Ba ta kan yi tsawa ta ɓoye dalili ba. A ƙarƙashin babban rubutun akwai wani ƙaramin layi da manyan baƙaƙen Turanci, wanda mutane su ke tsallakewa. Ko wanda bai iya Turanci sosai ba zai iya tsintar kalma ɗaya a ciki. In ya ga DATE, maganar kwanan wata ce. In ya ga AUTHORITY, dogari bai san mai hatimin ba. In ya ga NAME, sunan da ke takardar ba shi ne na shafin da aka kira ba. Wanda ya koyi wannan ya yi rabin gyara.

Mu fara da kwanan wata, domin a ganinmu nan ne mafi yawan wahalar makarantunmu ta ke, kuma nan ne gyaran ya fi araha. Kwamfutocin da ke ɗakunan karatunmu da shagunan rajista da yawansu an saye su ne na hannu, sun riga sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso mana. A cikin kowace akwai wani ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, a kan kira shi CR2032, irin wanda a ke sa wa makullin mota na zamani. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe agogon na'ura yana tafiya sa'ad da babu wuta. A ƙasar da wuta ba ta yankewa batirin nan ya kan daɗe, gama in na'ura tana jone ba a cika jan ƙarfinsa ba. A wurinmu kuwa, inda kwamfuta ta kan yi makonni a rufe ba wuta, balle a lokacin dogon hutu, shi kaɗai ya ke ɗauke da nauyin, sai ya ƙare. Ranar da ya ƙare, duk sa'ad da aka kunna na'urar sai agogonta ya koma wata tsohuwar shekara da masu ƙira su ka sa mata. Sai dogari ya karɓi takardar da aka rubuta bana, ya dubi kalandarsa ya ga shekarun baya, ya ce wannan takarda ai lokacinta bai zo ba, ƙarya ce. Takarda lafiya lau, shafi lafiya lau, kalandar dogari ce ta ruɗe.

Alamar wannan ciwo a fili ta ke. In gargaɗin yana fitowa a kowane shafi, har manyan da kowa ya sani, to a dubi kusurwar allo ta ƙasa a karanta kwanan wata. In ba daidai ba ne a gyara, a sa na'ura ta riƙa karɓar lokaci da kanta daga intanet, a kuma tabbata an zaɓi lokacin ƙasarmu, wanda ya ke gaba da na Girinwic da sa'a ɗaya. In an gyara yau gobe ya sake komawa baya, batir ne, a sake shi. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba ga kwamfutar tebur. Abin mamaki ne a ga ɗakin kwamfuta wanda aka kashe wa dukiya mai yawa ya zama kamar kango saboda abin da kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba. Wayar hannu ma haka ta ke yi in an cire mata batir ko an sake ta a wurin masu gyara, maganinta shi ne a kunna mata karɓar lokaci daga kamfanin waya.

Na biyu ya fi wuya, shi ne tsufan na'urar kanta. Jerin amintattun nan da dogari ya ke riƙe da shi ba dawwamamme ba ne. Hukumomi su kan shigo, wasu su fita, hatimi kansa yana da ranar mutuwa. A kan aiko wa na'ura sabon jeri cikin sabuntawar da kamfani ya ke turowa. To kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, wa'adin Windows 10 ma ya cika a Oktoban 2025. Chrome ta bar Windows 7 a farkon 2023. Duniya ta ga sakamakon irin wannan a ranar 30 ga Satumba, 2021, sa'ad da wani tsohon hatimi mai suna DST Root CA X3 ya mutu. Miliyoyin shafuka sun dogara da shi. Sababbin na'urori ba su ko ji ba, domin an riga an ba su wanda ya gaje shi, tsofaffin da ba a sabunta ba kuwa su ka wayi gari suna ƙin shafukan da su ka saba buɗewa jiya. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba, wadda ta fito a ƙarshen 2016, an yi musu dabarar jinkiri, ita ma ta ƙare a 2024.

Mun sani ba kowace makaranta ke da halin sayen sabuwar kwamfuta ba, ba kuwa za mu ba da shawarar da ba ta yiwuwa ba. Abin da ya ke yiwuwa shi ne a bar na'ura ta karɓi duk sabuntawar da ta rage mata. Da yawa a kan kashe wannan domin tsimin kuɗin data, tsimin da ya kan koma asara. Firefox kuma tana tafe da jerinta na kanta, ba ta dogara da na Windows ba, saboda haka sau da yawa ta kan buɗe abin da wata ta ƙi a tsohuwar na'ura. Amma fa na'urar da ta tsufa ƙwarai, a bar ta ga koyon buga rubutu da lissafi, kada a shigar da katin banki ko lambar ɗan wani a cikinta. Ko makaranta tana da kwamfuta ashirin, ta ware guda ɗaya mai lafiya domin rajista da biyan kuɗi, ya isa.

Akwai ƙananan dalilai da ba sai mun daɗe a kansu ba. Intanet na otal ko na ofis wanda ya ke neman ka shiga ta shafinsa tukuna ya kan jawo gargaɗi har sai ka shiga. Wasu manhajojin kashe ƙwayar cuta su kan tsaya a tsakani suna duba abin da ke wucewa, in sun tsufa sai su rikita takardu. Wani lokaci kuma mutum ne ya yi kuskuren baƙi ɗaya a sunan shafi.

Yanzu sai mu juyo ga waɗanda laifin ya ke wuyansu, ba za mu kuwa sassauta ba domin muna gida ɗaya da su. In agogonka daidai ne, na'urarka sabuwa ce, sauran shafuka suna buɗewa, shafi ɗaya tak ya ke jawo gargaɗi, to ba abin da za ka gyara a wurinka. Masu shafin ne su ka bar takardarsu ta mutu, ko su ka sa ta wani suna, ko su ka rubuta wa kansu takarda su ka buga hatimin da ba wanda ya sani. Wannan ya kan faru ga shafukan ma'aikatu da makarantu ta hanya ɗaya. A ba ɗan kwangila aikin gina shafi, a yi bikin buɗewa, a biya shi ya tafi. Ba a sa kowa ya riƙa lura da shi ba. Shekara ta zagayo takarda ta mutu, sai ranar da a ke rububin rajista a farga, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da lasin motarsa ya ƙare ya san abin da zai gamu da shi a hanya, amma ofis ya kan bar takardar shafinsa ta mutu wata da watanni ba mai tambayarsa.

Uzurin kuɗi ya daɗe da faɗuwa. Tun ƙarshen 2015 wata ƙungiya a Amurka mai suna Let's Encrypt ta fara ba da takardun nan kyauta ga duk mai shafi, masu kwana 90, an kuma shirya su yadda na'ura za ta riƙa sabunta su da kanta ba sai mutum ya tuna ba. Masu tsohuwar ɗabi'a kuma su sani lokaci yana ƙure musu. Daga Satumban 2020 aka daina karɓar takardar da ta wuce kwana 398. A watan Afrilu na 2025 taron masu burauza da masu ba da takardu ya yanke shawarar rage wa'adin sannu a hankali: kwana 200 daga Maris na 2026, kwana 100 daga Maris na 2027, kwana 47 daga Maris na 2029. Ofishin da ya kasa tuna abu sau ɗaya a shekara, ina zai iya tuna shi sau takwas? Dole a sa na'ura ta yi, a kuma naɗa ma'aikaci guda da sunansa wanda za a tambaya in ta kasa.

Ɓarnar da irin wannan sakaci ya ke yi ta wuce ta shafi ɗaya. In ɗalibi ya kai kuka cewa shafin makaranta yana ba da gargaɗi, amsar da ya kan samu ita ce, danna ka wuce, ba kome. Da ma masu burauza sun bar wata ƙaramar ƙofa a ƙasa, sun rubuta mata cewa ba ta da aminci. Yaro ya danna yau, ya danna gobe, ya ga bai mutu ba. Shi ke nan ya koyi darasi, hukuma ce kuma ta koya masa, cewa jan rubutu ba a bakin kome ya ke ba. Ranar da gargaɗin zai zama na gaske, hannunsa zai danna kafin idonsa ya karanta.

Ya kan zama na gaske kuwa. A 2011 ɓarayi su ka fasa wani kamfanin ba da takardu a ƙasar Holan mai suna DigiNotar, su ka buga takardun jabu fiye da 500, har da ta Google. Aka yi amfani da ita aka tsaya tsakanin mutanen Iran da akwatunansu na wasiƙa, binciken da aka yi daga baya ya nuna abin ya taɓa masu amfani da intanet wajen 300,000. Yadda asirin ya tonu shi ne wani mutum a can ya ga burauzarsa ta yi masa gargaɗi, bai danna ya wuce ba, ya fito da maganar fili yana tambaya. Cikin 'yan kwanaki masu burauza su ka soke sunan kamfanin daga jerinsu, kafin ƙarshen Satumba na shekarar ya karye. Ba sai an je Iran ba. Duk wanda ya ke riƙe da na'urar rarraba intanet a shago ko a tasha yana iya gwada tsayawa a tsakani, abin da ya ke tona shi kuwa shi ne wannan gargaɗi da mu ke neman kashewa.

Saboda haka muna jan kunnen masu gyaran kwamfuta da masu shagunan rajista. Mun san akwai dabarun rufe bakin burauza: a shiga cikin saitinta a cire alamar gargaɗi, ko a buɗe ta da umurnin kada ta duba takarda, ko a ɗauko wani hatimi daga inda ba a sani ba a cusa cikin jerin amintattu. Mai kwamfuta ya ga allo ya yi tsab, ya yi godiya ya biya. Na ƙarshen nan ya fi duka muni, gama wanda ya mallaki wannan hatimi yana iya shirya takardar kowane banki, dogari ya karɓa ya yi shiru. A 2015 an kama irin wannan a wasu kwamfutocin Lenovo da su ka fito daga masana'anta da wata manhajar talla mai suna Superfish, sai da kamfanin ya fitar da hanyar cire ta. Mai shagon da jama'a su ke ba shi lambobin 'ya'yansu amana ya ɗauka, daidai da mai ajiyar hatsi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane nauyin tsare su.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa, domin kada a fita daga wani rami a faɗa wani. Rashin gargaɗi ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ne. Takardar tana tabbatar da cewa kana magana da mai wannan suna, hanya kuma a kulle ta ke. Ba ta ce mai sunan mutumin kirki ne ba. Ɗan damfara ma yana iya karɓar takarda kyauta ga shafin da ya raɗa wa suna mai kama da na hukuma, ya yi shelar ɗaukar ma'aikata ko ba da tallafi. Domin mutane sun ɗauki hoton kwaɗon nan na gefen suna a matsayin shaidar aminci, Chrome ta cire shi a 2023 ta sa wata alama. Abin dubawa shi ne sunan kansa, baƙi bayan baƙi. Shafukan gwamnatin ƙasar nan da gov.ng su ke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng, na manyan makarantu kuma yawanci da edu.ng.

Mu ma'aikatan ilmi namu rabon aikin ba shi da yawa, amma ba mai yi mana shi. Ana koyar da ilmin kwamfuta a makarantunmu, yara suna haddace sunayen sassan na'ura suna zubawa a jarrabawa. Darasi guda a kan wannan gargaɗi, a nuna musu shi a allo, a sa su nemo kalmar nan ta ƙaramin layi, a ɓata agogo da gangan su ga abin da zai faru sa'an nan su gyara da hannunsu, zai fi musu amfani a ranar rajista. Kwalejojin horon malamai, irin ta Adamu Augie da ke Argungu, nan ne ya kamata a fara, domin malamin da bai sani ba shi ne zai ce wa aji guda su danna su wuce. Shugabannin makarantu kuma, a makon farko na kowane zango, kafin yara su shiga ɗakin kwamfuta, a kunna kowace na'ura a dubi kwanan watanta, a rubuta waɗanda su ka koma baya, a sayo musu batir daga kuɗin alli da rajista. In kuwa shafin wata hukuma ne ya ke ba da gargaɗi, kada a shigar da sunan yaro ko ɗaya a cikinsa. A rubuta wa hukumar takarda, a faɗi ranar da aka gani da kalmar da ta fito, a aiko da kwafi ofishin ilmi domin a bi sawu.